Tarihin Yaƙin Basasa Na Kwance a Cikin Adaka

A gidajen tsofaffin sojoji, daga Zuru zuwa Biu, daga Kaciya zuwa Numan, ba a rasa wata adaka ko akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado. Ba a cika buɗe ta ba, sai ranar da fansho ya maƙale aka shiga neman takardar sallama, ko ranar rabon gado. A ciki akan tarar da hoton saurayi sanye da kaki, da lambar yabo da ta yi tsatsa, da wasu 'yan takardu da aka ninke har suka fara rabewa. Waɗannan takardun, wato wasiƙun da soja ya aiko gida daga bakin daga, su ne magada suka fi rainawa, alhali su ne suka fi komai da ke cikin akwatin daraja.

An fara harbe-harben yaƙin basasar Nijeriya ranar 6 ga Yuli, 1967, a Gakem ta ƙasar Ogoja, makonni biyar bayan Odumegwu Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara. An rufe shi ranar 15 ga Janairu, 1970, da Philip Effiong na ɓangaren Biyafara ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas. Cikin watanni talatin ɗin nan, rundunar sojan Nijeriya da ba ta wuce mutum dubu goma ba ta kumbura har ta kai wajen dubu 250. Manoma ne, da 'yan dako, da ɗaliban da suka ajiye karatu, da 'yan mazan jiyan yaƙin Bama da aka sake kira. Kaso mai yawa daga Arewa suka fito: Hausawa, Tibi, Angasawa, Dakarkari, Bacama, Barebari da sauransu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a bariki.

To, wa ya ba da labarinsu?

Wanda ya je neman littafi a kan yaƙin nan ba zai dawo hannu rabbana ba. Olusegun Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, a shekarar kuma Alexander Madiebo, kwamandan sojan ƙasa na Biyafara, ya fitar da nasa. Chinua Achebe ya rubuta There Was a Country a 2012, Godwin Alabi-Isama ya biyo da The Tragedy of Victory a 2013, Ibrahim Babangida, wanda aka raunata a Uzuakoli a 1969, ya kawo nasa a 2025. Dukkansu da Turanci, duk kuma daga alƙalamin manyan hafsoshi ko manyan 'yan boko. Janar yana ganin yaƙi a kan taswira, yana kuma rubutu yana waiwayen yadda tarihi zai ɗauke shi. Kurtun da ya shiga kwalekwale a Asaba cikin Oktoban 1967, lokacin da runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed ta yi ta yunƙurin ƙetare kogin Kwara zuwa Onica aka yi asarar rayuka masu yawa, babu mai ambaton sunansa. Haka direban da ke cikin ayarin motocin da aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana a ƙarshen Maris ɗin 1968.

Ba a ce Hausa ta yi shiru ba. Mawaƙa sun yi wa soja kirari, Aƙilu Aliyu ya rubuta waƙar Jiki Magayi, har Graham Furniss ya yi nazari na musamman a kan rubutattun waƙoƙin Hausa na wannan yaƙi. Amma waƙar zuga aikinta ƙarfafa gwiwa. Ba za ta ce takalmin soja ya yage ba, ko albashi ya makara, ko damina ta kwana tana zuba a kansa a cikin rami.

Wasiƙa ce ke faɗin wannan. Mai rubuta ta ba ya tunanin masu tarihi, tunaninsa na wurin mahaifiyarsa. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, sai ya tambayi damina, ya ce ga fam kaza ya aiko a biya haraji a sayi hatsi, ya roƙi a sa malam ya yi masa addu'a, ya ja kunnen ƙanensa kada ya kuskura ya biyo shi. Daga irin waɗannan layuka ne mai bincike zai gane abin da ya kai saurayi aikin soja, ko kishin ƙasa ne, ko talauci, ko fushin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966. Zai ga yadda ɗan ƙauyen da bai taɓa wuce Kaduna ba ya kalli kurmi da teku da mutanen da aka ce abokan gabarsa ne. Ko rubutun kansa shaida ne: wani da boko irin na ajin yaƙi da jahilci, wani da ajami irin na makarantar allo, wani kuma da hannun abokin da ya iya, don shi mai saƙon bai iya ba. A can gida ma, sau da yawa malamin makaranta ko mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ne zai karanta wa tsohuwa, ya kuma rubuta mata amsa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Amurka, wasiƙar da Manjo Sullivan Ballou ya rubuta wa matarsa ranar 14 ga Yuli, 1861, mako guda kafin gwabzawar Bull Run da ta yi ajalinsa, ta zama ɗaya daga cikin sanannun rubuce-rubucen yaƙin basasarsu, musamman bayan an karanta ta a shirin talabijin na Ken Burns a 1990. Abin lura shi ne ainihin takardar ta ɓata, kwafin da aka yi ne ya tsira. Wani marubuci, Andrew Carroll, gobara ce ta cinye gidansu da takardun iyalinsu, abin ya tsaya masa a rai har ya shiga roƙon jama'a su aiko masa da wasiƙun sojojinsu. Yanzu dubban wasiƙun na ajiye a Jami'ar Chapman da ke Kalifoniya.

A nan kuwa gara ce ke cin namu, da yoyon ɗaki, da ɓera, da magajin da ya share ɗakin marigayi ya cinna wa tarkace ashana. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967, yau yana dab da tamanin. Matar da ya rubuto wa ita ma ta tsufa. In suka kau, ko takardar ta tsira, babu mai cewa ga wanda ke tsaye a hagu cikin hoton, ko ga garin da aka rubuto ta.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tonon silili ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Damuwarsu tana da tushe. Yaƙi ne da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, akasari fararen hula da yunwa ta kashe a yankin Biyafara. Akwai kisan 'yan ƙabilar Ibo a biranen Arewa a 1966, akwai kisan mazan Asaba a Oktoban 1967, kuma ba mamaki wata wasiƙa ta fito da abin da ba a so a ji. Sai dai shirun da aka yi fiye da shekara hamsin bai kashe maganar ba, Facebook kawai ya mayar da ita, inda matasan da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba suke zagin juna da rabin labari. Takardar da soja ya rubuta yana cikin tsoro da kewar gida ta fi waɗannan zage-zage kusa da gaskiya, kuma in aka jera ta da wasiƙar takwaransa na ɗaya ɓangaren, da wuya mai karatu ya fito yana sha'awar a sake. Batun sirrin iyali kuwa, gidajen adana tarihi a ko'ina suna da ƙa'idar rufe takarda na wasu shekaru ko sakaya suna, in masu ita sun nema.

Wurin ajiya ba shi ne matsala ba. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a garin, akwai Gidan Makama a Kano da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya tara jirage da motocin sulke, amma ƙarfe ba ya magana. Abin da ya rage shi ne wanda zai bi gida-gida. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta san inda mutanenta suke. Sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Jos da Maiduguri suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri kowace shekara, ga kuma malaman da suka iya karanta ajami. Ba sai an raba iyali da takardarsu ba: a ɗauki hotonta da waya, a rubuta sunan mai ita da rundunarsa da shekarar, a naɗi muryar tsohon in yana raye, a mayar masa da abinsa.

Kowace 15 ga Janairu gwamnoni na ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba. Kaɗan daga kuɗin wannan biki zai isa a ɗauki nauyin aikin tattarawar na jiha guda. Kafin hukuma ta motsa, duk wanda ya san akwai irin wannan adaka a gidansu ya buɗe ta a makon nan, ya kakkaɓe takardun, ya ɗauki hotonsu gaba da baya, sannan ya zauna gaban kakansa ya tambaye shi wa ya rubuta, daga ina, kuma wa ya karanta.