Kebul ɗin "balans" da kuɗin abincin wata

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Jiya wani ƙanenmu ɗan aji biyu a nan Ibadan ya shigo ɗakina yana washe baki, wai ya sayo kebul ɗin iyafis mai bakin 4.4mm da ƙaramin amfilifaya. Mai shago ya ce masa "balans" ne, sauti zai fito tas kamar a sitidiyo. Kuɗin abincinsa na wata ne ya tafi a haka, wallahi.

Bari in faɗi yadda abin yake. Jak ɗin 3.5mm da muka saba da shi layi uku ne: hagu, dama, da layi ɗaya da suke tarayya a kai. Balans layi huɗu ne, kowane kunne da nasa biyu. Ribarsa ita ce ƙarfi: wutar tana iya ninkawa, kusan 6dB kenan, sannan sautin hagu ba ya yawan zubowa dama. Shi ke nan fa.

Zancen wai yana kashe ƙara, gaskiya ne, amma a doguwar wayar makirufo irin ta masallacin Juma'a ko ɗakin lacca. Kebul ɗin da bai kai mita ɗaya da rabi ba, wace ƙara zai kwaso?

In hedifon ɗinka mai 300 ohm ne, irin Sennheiser HD 600, to kana da hujja, yana cin wuta. Amma iyafis mai 16 ko 32 ohm, wayarka ma ta ishe shi. Na sa yaron ya rufe ido, na daidaita ƙarfin muryar biyun, na yi ta sauya masa. Ya kasa bambancewa. Kunne haka yake, duk abin da ya fi ƙarfi sai ya ji kamar ya fi daɗi, kuma da wannan ake cin kuɗinmu.

Abin da ya fi ba ni haushi, har adafta aka haɗa masa don ya riƙa soka tsohon hedifon ɗinsa na 3.5mm a bakin balans. Wannan haɗa layuka biyu ne da bai kamata su taɓa juna ba, yana iya ƙona amfilifayar.

Gobe bayan azahar zan raka shi shagon. Wanda ya iya Yarbanci sosai don Allah ya zo mu je tare.