Neman gafara da kuɗin gyara: yadda masu ƙera motoci ke sake samun amincewar jama'a

Mai sayen mota ba ya buɗe injinta ya duba kowane ƙarfe kafin ya biya kuɗi. Sunan kamfanin da ya ƙera ta shi ne shaidarsa. Saboda haka kowane babban kamfanin motoci yana da ofishin hulɗa da jama'a, wanda aikinsa ke tsananta ranar da aka gano aibi a mota, ko rayuka suka salwanta. Abin da ya faru a shekarun baya ya nuna cewa maganar kamfani ba ta maido amana sai ta fito da wuri kuma gyara ya biyo bayanta. Ya kuma nuna cewa yawan gyaran yana bin ƙarfin hukumar da ke tsaye bayan mai saye.

A watan Oktoba na 1997, ƴan jaridar ƙasar Suwidin sun gwada wata sabuwar ƙaramar motar Mercedes ta Jamus mai suna Classe A, suka kauce da ita farat ɗaya kamar mai gudun dabba bisa hanya, sai ta kife. Da farko kamfanin ya nemi rage girman al'amarin. Da ya ga surutu ya ƙi kwanciya, sai ya dakatar da sayar da motar wajen wata uku, ya gyara ƙafafunta, ya sanya mata na'urar da ke hana ta karkacewa, sa'an nan ya sake gayyatar ƴan jarida su gwada ta da hannunsu. A 1998 motar ta koma kasuwa, ta kuma samu karɓuwa. Darasin da aka ɗauka shi ne, wanda ya tona aibin shi ya fi cancanta ya shaida gyaran.

Kamfanin Toyota na Japan ya yi jinkiri, ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. A watan Agusta na 2009 wani ɗan sanda da mutum uku na iyalinsa suka rasu kusa da birnin San Diego na Amurka, bayan shimfiɗar ƙafa ta danne totur ɗin motar da suke ciki ƙirar Lexus. Kamfanin ya kira motoci fiye da miliyan 8 a duniya domin gyara, shugabansa Akio Toyoda kuma ya fito ya nemi gafara a gaban jama'a a watan Fabrairu na 2010, a watan da ya gurfana gaban majalisar dokokin Amurka. Binciken da hukumomin ƙasar suka bayyana a 2011 bai samu aibi a na'urorin lantarkin motocin ba. Duk da haka, a 2014 Toyota ya biya tarar dala miliyar 1.2, ya kuma amsa cewa ya ɓoye wa masu saye wani ɓangare na abin da ya sani. Ke nan ɓoyon ne aka hukunta.

A shekarar 2014 ɗin kuma, kamfanin General Motors ya kira motoci wajen miliyan 2.6 saboda makunninsu na iya kashe inji ana cikin tafiya, aibin da wasu ma'aikatansa suka sani kimanin shekara 10. Sabuwar shugabarsa Mary Barra ta sa aka yi bincike, aka bayyana sakamakonsa, aka sallami ma'aikata 15. Bugu da ƙari ta danƙa asusun diyya hannun wani lauya na waje, Kenneth Feinberg, wanda ya tabbatar da mutuwar mutum 124. Wannan dabara ta barin baƙo ya yanke hukunci ta fi kowace talla tasiri, domin jama'a ba su gaskata mai laifi in shi ne alƙalin kansa.

Al'amarin Volkswagen ya bambanta, gama a nan da gangan aka shirya yaudara. Ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin ya sanya wa motocinsa masu shan gazuwal wani shiri na kwamfuta da ke rage hayaƙi mai guba lokacin gwaji kawai. Bisa hanya kuwa hayaƙin na iya ninka abin da doka ta yarda har sau 40. Masu bincike na wata jami'ar Amurka sun lura da haka tun 2014, kamfanin ya yi ta kawo hujjoji fiye da shekara guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne: daga baya ya amsa cewa motoci miliyan 11 ne abin ya shafa, shugabansa Martin Winterkorn ya nemi gafara, ya kuma sauka daga muƙaminsa cikin mako guda. Asarar ta haura euro miliyar 30.

Abin lura a nan shi ne yadda aka raba diyya. A Amurka, inda kotuna da hukumomi suka matsa lamba, tun 2016 kamfanin ya yarda ya sake sayen motocin ko ya gyara su tare da biyan kuɗi. A Jamus, ƙasarsa ta asali, sai 2020 aka daidaita da dubban masu saye, a kan kuɗi kaɗan in an kwatanta. Kalmomin neman gafara iri ɗaya ne ko'ina, amma abin da ya shiga hannun mai mota ya bi ƙarfin dokar ƙasarsa.

Wannan batu ya shafi Nijar kai tsaye, domin akasarin motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa an riga an yi amfani da su a Turai, Amurka ko Japan. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 waɗannan yankuna uku sun fitar da tsoffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufa. Takardar kiran gyara tana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin rajistar ƙasar da aka fara sayar da motar, ba ta bin motar ta ƙetare teku. Jakunkunan iska na kamfanin Takata misali ne mai tayar da hankali: sinadarin da ke hura su yana lalacewa da tsufa, zafi da laima, har jakar ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba. An kira miliyoyin motoci na kamfanoni da dama saboda su, Takata kuma ya karye a 2017, amma motar da aka fitar kafin a gyara ta tana ɗauke da hatsarinta duk inda ta je.

To, akwai abin yi. Kowace mota tana da lambar shasi, akasari mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke rubuce a jikinta da kuma takardarta. Da wannan lamba wakilin kamfani zai iya duba ko an taɓa kiran motar, ko kuma an yi gyaran. Ya kamata mai saye ya nemi a duba masa kafin ya biya kuɗi. Su kuma ma'aikatan duwan da na sufuri, da masu kula da motocin gwamnati, suna da ikon neman wannan shaida lokacin shigo da mota ko yi mata rajista. Kamfanin da ke son a amince da sunansa a kasuwannin Afirka, wajibi ne sanarwarsa ta kai ga mai mota na biyu da na uku, a harshen da yake ji, ta hanyar rediyo da garejojin da yake zuwa.