Ɗan Tseren Keken da Jarida Ta Manta

A 2022 editocin Wikipedia ta Turanci suka tsaurara ƙa'ida: shiga gasa kawai ba ta isa a buɗe wa ɗan wasa shafi ba, sai wata majiya mai zaman kanta ta yi cikakken rubutu a kansa. Suna da gaskiya. Shafin da ya ƙunshi ranar haihuwa da matsayin da mutum ya zo a tsere kaɗai bai wuce rajista ba.

Sai dai wa ke rubuta majiyar? Matsakaicin ɗan tseren keke a Beljiyam yana da jaridun garinsu masu bin sawunsa. Takwaransa na Tour du Faso, tseren da ake yi tun 1987, sau da yawa sunansa a jerin sakamako yake tsayawa. Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, amma labarinta bai bazu ba sai da ta ari keke wurin tawagar Jamus.

Masu neman a sassauta ƙa'idar sun bar jaki suna dukan taiki. Laifin na editocin wasanninmu ne, waɗanda suka sallama wa Firimiyar Ingila shafukansu, suka bar 'yan tseren gida ba mai rubuta tarihinsu.