Sharhi: Wa Ke Cin Ribar Zuwa Taron Ilimin Kwamfuta A Ƙasashen Waje?

A kowace shekara malaman manyan makarantun Nijeriya kan nemi izini da kuɗin guzuri domin halartar tarurrukan ƙasa da ƙasa a kan koyar da kimiyyar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Birnin Bauchi yana da ruwa da tsaki a cikin batun, kasancewar a nan ne Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1984, kana ta sake tsayawa da ƙafafunta a 1988. Akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali mallakar gwamnatin jiha. Daga makarantun nan ne ake yaye matasan da za su riƙe wa 'yan kasuwa lissafi da na'urori.

'Yan kasuwa da dama suna ɗaukar irin wannan tafiya a matsayin harkar malamai kaɗai, alhali kuwa daga aljihunsu wani kaso na kuɗin ke fitowa. Tun a 1993 gwamnatin tarayya ta kafa dokar da ta ɗora wa kamfanoni masu rajista harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka mayar da asusun zuwa TETFund, wanda ke kula da manyan makarantun gwamnati, kuma ɗaukar nauyin malamai zuwa tarurrukan ilimi yana daga cikin ayyukansa. An ɗaga harajin zuwa kashi 2 da rabi a dokar kuɗi ta 2021, sannan zuwa kashi 3 a ta 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu a cikin harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin ɗari. Ɗan kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ba ya biyan harajin kai tsaye yana biyansa a cikin farashin siminti, sukari da katin waya. Wanda ya biya kuɗin mota kuwa yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ɗauko.

Tsadar tafiyar ta ƙara wa tambayar nauyi. Kafin a sakar wa Naira mara a watan Yuni na 2023, ana canza dala ɗaya a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 sai da ta haura Naira 1,500. Ke nan tafiyar da za ta ci dala dubu uku, a misali, ta tashi daga ƙasa da Naira miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan huɗu da rabi. Ba abin mamaki ba ne da gwamnatin tarayya ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'anta zuwa ƙetare da kuɗin hukuma na tsawon watanni uku daga Afrilun 2024, haka kuma TETFund ya tsayar da tura malamai ƙaro karatu a waje daga Janairun 2025, bisa dalilin tsada da kuma ƙin dawowar wasu daga cikin waɗanda aka tura.

Duk da haka, kuskure ne babba a ce a rufe ƙofar tarurrukan baki ɗaya. Ilimin kwamfuta yana tsufa da sauri fiye da yawancin fannoni, ta yadda littafin da aka koyar da shi shekaru goma da suka wuce ba zai wadatar da ɗalibin yau ba. A irin tarurrukan nan ne malamai ke baje kolin hanyoyin koyarwar da suka gwada, da sakamakon da suka samu. Babban taron ƙungiyar ACM a kan koyar da kimiyyar kwamfuta yana gudana duk shekara tun 1970, galibi a Amurka, takwaransa na Turai kuma ya soma a birnin Basalona a 1996. Batun da ya mamaye zaurukan tun daga 2023 shi ne yadda za a koyar da rubuta manhaja, da yadda za a jarraba ɗalibi, a zamanin da ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta amsar aikin gida cikin daƙiƙoƙi. Malamin da bai ji wannan muhawara ba zai ci gaba da ba da shaidar ƙwarewa ga wanda bai ƙware ba, kuma ɗan kasuwar da ya ɗauke shi aiki shi zai kwana ciki.

Ba dukkan abin da ake kawowa daga tarurrukan ke buƙatar kayan aiki masu tsada ba. Tsarin nan na koyar da tushen ilimin kwamfuta ba tare da na'ura ba, wanda malaman Jami'ar Kantabiri ta ƙasar Niyu Zilan suka ɓullo da shi a shekarun 1990, ya yaɗu a duniya ta hanyar irin waɗannan haɗuwa. Da katuna da alli ake koya wa yara yadda na'ura ke ƙirga da jera bayanai. Makarantar firamare a Yelwa ko Fadamar Mada da ke fama da rashin wutar lantarki za ta iya amfani da shi gobe, muddin aka sami wanda ya koyo ya kuma koyar.

A nan gizo ke saƙa. Sau da yawa matafiyi kan dawo da takardar shaidar halarta wadda za ta taimake shi wajen ƙarin girma, abin da ya ji kuma ya tsaya a cikin jakarsa. Alhali akwai gurbin da aka tanada domin sabon ilimi. Sabon tsarin karatun jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa ta tsara da kanta gwargwadon bukatun yankinta. Bukatun Bauchi kuwa a fili suke. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa masu shaguna karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, ya kuma buɗe wa 'yan damfara sabuwar hanya. Dillalan hatsi da na dabbobi suna bukatar wanda zai tsara musu lissafin kaya da na bashi, cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, suna bukatar masu gyara da kulawa.

Saboda haka ya kamata hukumomin makarantun su gindaya sharaɗi kafin su sa hannu a kan takardar tafiya. Duk wanda aka ɗauki nauyinsa ya gabatar da lacca a bainar jama'a cikin wata guda da dawowarsa, a gayyato malaman sakandare da wakilan 'yan kasuwa, a kuma yi bayanin da Hausa inda hali ya yi. Ya nuna a rubuce darasin da zai canza a zangon karatu mai zuwa. Wanda ya kasa cika sharaɗin kada a sake ba shi dama sai ya cika. Haka nan a riƙa fifita taron da ya fi kusa idan amfaninsa ɗaya ne. Taron duniya na ACM a kan ilimin kwamfuta, wanda aka fara a Chengdu ta ƙasar Sin a 2019, ya sauka a Gaborone ta Botsuwana a 2025, Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Nijeriya ma tana shirya nata duk shekara a cikin gida.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu nauyin. Cibiyar ciniki da masana'antu ta jihar da ƙungiyoyin kasuwanni za su iya zama da sassan koyar da kwamfuta sau ɗaya a shekara, su faɗi irin ma'aikatan da suke nema ba su samu. Kamfanin da ke da hali zai iya ɗaukar nauyin malami ɗaya bisa yarjejeniyar zai horar da ma'aikatansa in ya dawo.

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Abin da ya rage ga hukumomin da abin ya shafa shi ne su tabbatar ilimin ya iso aji da kasuwa, tun da da kuɗin jama'a aka je aka samo shi.