Sadakar da sai an ɗauki hoto: tambaya ga majami'un Jega, Aliero da Maiyama

A shekarar 2025 azumin Kiristoci na kwana 40 ya kama ranar 5 ga Maris, wato Larabar Toka, kwana huɗu bayan Musulmi sun ɗauki na Ramadan. A ranar, majami'un Katolika kan karanta sura ta 6 ta Bisharar Matiyu, inda Yesu Almasihu ya yi magana a kan sadaka da addu'a da azumi, ya kuma ja kunnen masu yin su domin mutane su gani.

A makonnin azumin na halarci rabon shinkafa ga gwauraye a wata majami'a da ke yankin nan. An jera matan a gaba, aka ɗora wa kowace ƙaramin buhu a ka, aka ce su tsaya tukuna sai mai bayarwa ya gyara hularsa. Kafin magariba hotunan sun hau Facebook. Wata dattijuwa ta riƙa jan gyale tana rufe fuska, har aka ce mata ta buɗe.

Abin da ya dame ni ke nan. Jega da Aliero da Maiyama ba Legas ba ne. Kiristoci a nan 'yan tsiraru ne, kowa ya san kowa: ɗan kasuwa, malamin makaranta, ɗalibin jami'ar Aliero, mai sayen albasa ya kai kudu. Matar da aka ɗauki hotonta, gobe za ta shiga kasuwa, kuma maƙwabtanta sun riga sun ga talaucinta a waya. Shinkafar za ta ƙare cikin mako guda, hoton kuwa yana nan.

Wani dattijon majami'a ya ce mini idan ba a kira sunan mai bayarwa da lasifika ba, baiko raguwa yake yi, kuma sanarwa na hana a ci kuɗin. Batun amana gaskiyarsa ne. Amma ai ana iya karanta jimillar abin da aka tara da inda aka kashe shi ba tare da an tsayar da gwauruwa a gaban taro ba. Batun raguwar baiko kuwa, shi kansa ya nuna abin da wasu ke saye da kuɗinsu.

Zuciyar kowa Allah ne ya sani, ban zo auna niyyar wani ba. Roƙona ga fastoci da shugabannin zumuntar mata shi ne a azumi mai zuwa su kai kayan gida-gida da yamma, mutum biyu sun isa, kuma a bar waya a aljihu.