Gasar Golf ta Abokai: A Bar Maigida Ya Je, Amma da Sharaɗi

Idan hunturu ya kama, akwai wata al'ada da ake gani a filayen wasan golf na Kano da Kaduna da Jos. Abokai su takwas ko goma sha biyu, galibi tsofaffin 'yan makaranta ɗaya ko abokan aiki, sukan tsayar da rana guda a shekara su kara da juna. Ba 'yan wasan sana'a ba ne. Kofin da suke takara a kansa ma wani lokacin bai kai kuɗin man motar da ta kawo su ba. Wanda ya ci ya riƙe shi shekara guda, wanda ya zo na ƙarshe kuwa ya sha tsiya har baɗi.

A ɗakin awon ciki nakan ji ƙorafin wasu matan a kan wannan wasa, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Sukan ce wasan masu kuɗi ne, kuma yana cinye ranar hutun da ya kamata maigida ya zauna da iyalinsa. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka ra'ayina shi ne a bar shi ya je, a ma ƙarfafa masa gwiwa.

Dalili kuwa, mu da ke aiki a ɗakin haihuwa muna ganin mace mai ciki sau da yawa kafin ta sauka, muna auna jininta duk zuwa. Mijin da ya kawo ta fa? Yana mota yana jira. Ya haura shekara 40, ya ajiye tumbi, daga kujerar ofis sai ta mota, kuma ba ya tuna ranar da aka auna jininsa. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya kaiwa 140/90 ko fiye yana jin garau, sai ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ga mai jego ga jariri a gida.

To me golf zai yi masa? Fili cikakke ramuka 18 gare shi. Wanda ya zagaye su da ƙafa zai yi tafiyar da ta haura kilomita 6, cikin kimanin awa 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Ke nan zagaye ɗaya ya biya bashin mako. Masana a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun fitar da sakamakon wani bincike a 2008 kan 'yan golf kusan 300,000, inda suka ga yawan mace-mace a cikinsu ya gaza na sauran jama'a da kashi 40 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda suka fi ƙwarewa, wato waɗanda suka fi yawan zuwa fili, su ne suka fi amfana.

A nan sharaɗin nawa yake. Wasan rana ɗaya a shekara ba ya saukar da jinin kowa. Amfanin gasar shi ne kunyar zama na ƙarshe, wadda ke fitar da mutum atisaye duk mako saboda kada abokai su yi masa dariya. Mu ma'aikatan lafiya mukan ce wa majiyyaci ya riƙa tattaki, ya ce to, ya koma gida ya manta. Amma aboki ya buga waya ya ce, “Alhaji, bana ma kai ne kurar baya,” sai ka ga mutum ya nemo takalminsa tun da asuba.

Wanda nake jiye wa tsoro shi ne mai zama wata goma sha ɗaya ba motsi, sai ranar gasa ya fito zai nuna ƙuruciya. Irin wannan ya fara zuwa a duba shi, musamman idan yana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya. Kada a bar shan magani don ana wasa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da suga ya karya kumallo kafin ya fita, ya kuma sa dabino ko alewa a aljihu, domin doguwar tafiya na iya kayar da sugansa. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko numfashi na yi masa wuya, ko jiri na ɗibarsa, ya ajiye sanda nan take a kawo shi asibiti. Ba a cewa bari in ƙarasa ramin nan. A guji sa gasar a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Kano, a kuma riƙe ruwan sha. Da damina kuwa, da an ji tsawa a bar fili, don mai riƙe da sandar ƙarfe a sarari yana cikin haɗari. Ita kuma 'yar motar da ke yawo da 'yan wasa a wasu filaye, a bar wa mai ciwon gwiwa.

Sai walimar bayan wasa, inda ake zubar da ladan. Tsire da kilishi sun sha gishiri da dunƙule, alhali gishirin da aka yarda baligi ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar cokalin shayi ɗaya. Robar lemo mai santilita 50 kuwa tana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 10.

Na san yawancin masu riƙe da wannan mujalla ba za su sayi sandunan golf ba, ni ma haka. Amma akwai dabarar da za mu ara. A golf ana yi wa mai rauni rangwamen bugu gwargwadon iyawarsa, ta yadda dattijo zai kara da matashi har ya yi nasara. Abokan majalisa za su iya yin haka da tattaki ko keke: a tsayar da rana, a sa wa kowa nisan da ya dace da shekarunsa. 'Yan'uwana mata, mu da muka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba mu fasa zubi ba, wannan ba zai gagare mu ba. Mai ciki da ba ta da matsala ita ma ana so ta samu minti 150 na motsa jiki a mako, bayan ta yi shawara da ungozomarta.

Ga masu gasar golf kuma, roƙona ɗaya ne. Cikin kuɗin da kuke tarawa na kofi da abinci, ku sayi na'urar awon jini irin ta dantse. Kafin bugun farko kowa ya zauna ya huta minti 5, a auna shi, a rubuta a littafin da kuke rubuta makin wasa. Wanda aka samu nasa ya kai 140/90 ya zo asibiti cikin makon a sake dubawa, mai riƙe da kofin bara shi zai rako shi.