Kayan tarihin Zamfara: Paris ta san darajarsu, saura masu gida

A watan Disambar 2022 Jamus ta dawo wa Najeriya da wasu kayan tagulla na Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, aka yi ta murna. Murnar ta dace. Sai dai Zamfara ma tana da nata kayan tarihin, kuma babu sojan da ya zo ya ƙwace su. Da hannun 'yan gida suka fita, a kan kuɗi ƙalilan.

A shekarun 1990, lokacin Zamfara na cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, masu tono sun yi ta haƙo mutum-mutumin yumɓu, musamman a yankin Kwatarkwashi, dillalai suna tsallakawa da su Turai. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan yumɓun Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin waɗanda sayensu ya haramta. A shekarar ce kuma gidan tarihi na Louvre da ke Paris ya baje kolin biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato. Bayan ce-ce-ku-ce, Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, amma za ta riƙe su aro na shekara 25.

Wannan darasi ne ga Talata Mafara da Bakura da Maradun. Yankin ya taɓa yin irin wannan asara: da aka gina madatsar ruwan Bakolori a 1978, ruwa ya shanye ƙauyuka da gonaki, duk abin da ke binne a cikinsu ya tafi. Yau kuma masu haƙar zinare ke juya ƙasa, ga garuruwan da 'yan bindiga suka tashi sun zama kufai. Tsohuwar tukunya ko takobi ko littafin hannu da aka bari a can, ba mai lissafinsu.

Wasu za su ce gumaka ne. Adana abu daban, bauta masa daban. Saudiyya na kula da kufan Mada'in Salih, Masar na kula da kayan Fir'aunoni, don ilimi da izina. Wasu kuma za su ce ana ta rai wa ke ta kayan tarihi. Gaskiya ne rai ne a gaba, amma abin da ake nema bai kai kuɗin motar jami'i ɗaya ba.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba izini, amma manomin da garmarsa ta tono tukunya bai san da ita ba. Wanda ya sani shi ne mai unguwa. Saboda haka ya kamata fadojin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun su buɗe rajista: a ɗauki hoton abin da aka tsinta da waya, a rubuta inda aka same shi, a ba mai tsintuwa tukuici da ya fi tayin dillali. Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara kuma ta ware ɗaki guda mai makulli don ajiya da nazari.

Rubuta wurin da aka tono abu shi ne mafi muhimmanci, domin da zarar an raba shi da ƙasarsa ba bayani, ya zama kayan ado kawai. Idan ba a fara yanzu ba, jikokin Mafara sai sun nemi bizar Faransa kafin su ga aikin kakanninsu.